Waiwaye: Zamanin da Godiya Take da Ƙafa

Da zarar iska ta juya a ƙarshen Oktoba, ganyen dawa ya fara bushewa, leɓɓa suka fara tsagewa, mu da muka tashi a ƙauyukan ƙasar Katsina da Kano da Zazzau mun san abin da ke tafe. Gero ya riga ya shiga rumbu, dawa tana jiran girbi, a majami'a kuma dattijo zai miƙe bayan wa'azi ya sanar da ranar godiyar kaka. Ba a buga takarda, ba a kafa kwamiti. Sanarwa ɗaya ta isa, domin kowane gida ya riga ya ware nasa tun daga gona.

Wannan warewar ce nake so mu fara tunawa. Iyayenmu ba sa jira sai an gama sussuka, an biya bashi, an yi wa yara ɗinkin Kirsimeti, sannan a duba abin da ya rage. Tun ana ɗaurin dami maigida zai zagaya, ya sa hannu a kan wanda zangarniyarsa ta fi cika, ya ce, "Wannan na Ubangiji ne, a jingine shi gefe." Daga ranar nan ko kaza ba a bari ta kai masa baki. Yaron da ya zaro zangarniya ɗaya don ya gasa zai ji muryar uwarsa tun daga madafa: "Kai! Mayar. Ba namu ba ne."

Ranar Lahadin kuwa, tun kafin a buga tsohon wilin motar da aka rataye a reshen darbejiya, wanda shi ne ƙararrawarmu, hanya ta cika. Maza da dammuna a ka, wasu a kan jaki, wasu a bayan keke. Mata da ƙore a rufe da faifai: gyaɗa, wake, busasshiyar kuɓewa, barkono, daddawa. Tsohuwa ta rungumo kabewar da ta hau rufin ɗakinta, yara suna jan rake a ƙasa, wani ya riƙo zakara an ɗaure masa ƙafafu. Majami'ar ta laka ce, kujerun ma na laka ne, kuma kafin a kai ga karatun Littafi gaban bagade ya cika har sai mai bishara ya tattare riga ya tsallake kaya kafin ya isa wurin tsayuwarsa. 'Yan Zumuntar Mata sun sha anko, ana buga tulu da caki, ana guɗa. Gida gida ake tashi ana taka rawa zuwa gaba. Mai dami goma da mai tiya ɗaya, waƙa ɗaya ake rera musu, kuma ba wanda ke kiran adadi. Sai bayan an tashi ne dattawa biyu za su zauna su rubuta jimla a littafin ikilisiya.

Karatun ranar bai cika wuce sura ta 26 ta Kubawar Shari'a ba, kamar yadda tsohon Littafinmu na 1932 yake kiranta. A can aka umarci manomin Isra'ila ya zuba nunan fari a kwando ya kai wa firist. Amma ba ajiyewa kawai zai yi ya juya ba. Dole ya buɗe baki ya ba da tarihi: yadda kakansa ya kasance mai yawo marar gida, yadda suka gangara Masar suna 'yan kaɗan, yadda aka bautar da su, suka yi kuka, Allah ya ji, ya fito da su ya ba su ƙasa. Bayan haka sai ya zauna ya yi murna tare da Balawe da baƙon da ke cikinsu. Dattawanmu sun ɗauki wannan da gaske. Bayan karatu wani tsoho zai dafa sanda ya miƙe, ya tuna mana cewa a wurin nan da muke zaune a dā gonar rama ce, cewa a gindin bishiya aka fara sujada da mutanen da ba su cika tabarma biyu ba, ya ambaci wanda ya ba da fili, da wadda ta riƙa ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa da goyo a bayanta. Mu yara mun gaji da jin labarin, mun haddace shi har muna riga shi faɗa a zuci. Sai da muka girma muka gane abin da yake yi. Ya san cewa wanda ya manta inda aka ɗauko shi ba zai daɗe yana godiya ba.

Yau yawancinmu muna birni, gonarmu albashi ce ko shago, kuma babu laifi a kawo kuɗi a ambulan. Allah bai ce sai gero ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ya shigo tare da ambulan ɗin. An kawo lasifika, an naɗa shugaban taro da babban baƙo, ana kiran suna ana kiran adadi, tafin da ake yi wa mutum yana tafiya daidai da nauyin abin da ya bayar. Na ga gwauruwa ta ƙulle 'yar takardar kuɗinta a bakin zane, ta zauna tana jiran lokacin da ba za a lura da ita ba, har aka rufe da addu'a ba ta tashi ba. Da ita aka koma gida, ita da baikonta. Alhali kuwa a Haikali, kamar yadda Markus ya rubuta a sura ta 12, Yesu ya zauna yana kallon masu arziki suna zuba da yawa, amma mai anini biyu ce ya kira almajiransa su gani. Ku dattawan ikilisiya, ina roƙonku, ku gwada shekara ɗaya ba tare da kiran adadi ba. Wataƙila jimla ta ɗan ragu. Amma za ku ga mutanen da suka daɗe ba su tako gaba ba.

Akwai kuma wata irin shaida da ta yi yawa a bakinmu, wadda ake farawa da sunan Allah a ƙare da jerin abin da aka mallaka, har da ambaton maƙiyan da suka ji kunya. Mu tuna cewa Bafarisiyen nan na Luka sura ta 18 shi ma da godiya ya buɗe addu'arsa. Ya gode wa Allah da bai zama kamar sauran mutane ba, yana satar kallon mai karɓar haraji. Bai koma gida da gafara ba. Idan godiyarmu ta sa wanda ke kusa da mu a benci ya sunkuyar da kai don kunya, to, akwai abin da ya gurɓata a cikinta.

Hatsin nan na dā bai ɓace mana da gani ba. Akwai rumbun ikilisiya a bayan gidan mai bishara, ba a buɗe shi sai dattawa biyu suna tsaye. Daga ciki ake ba mai bishara abincin shekara, domin albashinsa bai taka kara ya karya ba. Daga ciki ake auna wa ɗaliban da muka tura makarantar Littafi Mai Tsarki da iyalansu, a kuma sayar da wani kashi a aika wa masu bisharar da suka tafi nesa. Amma babban aikin rumbun sai watan Yuli da Agusta, lokacin da marka ta sauka, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, hayaƙi ya daina tashi a wasu gidaje. Da dare ake kai wa gwauraye da marayu, a ajiye a bakin ƙofa a yi sallama a wuce. Ba a tambayar ko mai yunwar yana zuwa sujada. Maƙwabcinmu Musulmi ya ci daga rumbun nan, wanda bai bar tsafin kakanninsa ba ma ya ci. Godiyar da muka yi da rawa a Nuwamba, ita ce tuwon wani gida a Agusta.

Sai aka shiga 1973, shekarar da aka canja mana fam da sule zuwa naira da kwabo, shekarar da kuma ruwa ya ɗauke. Duk wanda ya kai shekarun hankali a lokacin ya san abin da nake nufi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar mashaya, mutane suka gangaro daga arewa, daga ƙasar Nijar, da 'yan komatsansu suna neman inda za su sa wani abu a baki. Da kaka ta zo, wasu suka kawo shawara a ɗage ranar godiya zuwa baɗi, domin me za a kawo? Shawara ce mai ma'ana, masu hankali ne suka kawo ta. Amma matan suka ƙi. Aka yi sujadar a ranarta. Gaban bagaden da a bara ba wurin sa ƙafa, a bana tabarma ɗaya ta ɗauke komai: 'yan ƙoƙuna na wake, ƙullin zogale, ƙwai biyu ko uku a cikin faifai. Ba a yi guɗa ba. Mai bishara ya karanta ƙarshen littafin annabi Habakuk, inda ya yi maganar ɓaure da ya ƙi toho da garken da ya zama wayam, amma duk da haka ya ƙudura zai yi farin ciki da Allahnsa. Sannan aka fara ƙirga abin da ya rage mana. Rijiyar gari ba ta ƙafe ba. Akwai irin shuka da aka ɓoye a tulu. Yaran da ƙyanda ta kama sun tashi. Mutane suna faɗa ɗaya bayan ɗaya, wasu da hawaye.

Ban ce yunwar ta tafi ranar ba. An sha wuya har damina ta zagayo. Kuma ba na cikin masu cewa Kirista ba ya kuka, ko ya gode wa Allah saboda mugun abu kamar dai mugun abin alheri ne. Littafin Zabura cike yake da kuka da ƙorafi. Abin da Bulus ya roƙi Tasalonikawa shi ne su yi godiya a cikin kowane hali, kuma wanda yake cikin fari yana iya kuka da farin ya kuma gode saboda rijiya. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya sun nuna mana haka a idonmu. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyar ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi, shugabanni da ɗalibai suka watsu cikin daji. Majami'u masu yawa sun ƙone. Amma a Maris 2023 suka taru suka yi bikin cika shekara 100 da sujadar farko da aka yi a gindin tsamiya a Garkida a 1923, da waɗanda suka binne nasu da waɗanda har yanzu suke jiran nasu su dawo.

To, wannan godiya ce ga Allah. Amma iyayenmu ba su taɓa raba ta da godiya ga mutane ba, kuma a nan ne nake ganin mun fi yin asara.

Ku tuna ban-gajiya. An yi maka gayya a gona, ko an taya ka suna, ko an raka ka makabarta, washegari da sassafe ba ka da wani aiki sai zagaya gidaje. Ka yi sallama, ka durƙusa idan babba ne, ka ce, "Baba, ina gajiya? Na zo ban-gajiyar jiya. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Shi kuma ya ce, "Haba, ai yi wa kai ne." Ba a ɗauki minti biyar ba, amma ka taka da ƙafarka. Idan maƙwabciya ta aiko da tuwo, kwanon ba ya komawa da datti, ba ya kuma komawa wayam: ko 'yar gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ɗan aiken ma a sa masa wani abu a hannu. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Sai uwa ta kira ɗanta ta koya masa abin da zai faɗa, ta sa ya maimaita a gabanta: "Ka ce Inna ta ce a gaishe ki, ta ga saƙo, ta gode ƙwarai." Da yamma ita ma za ta yafa gyale ta je da kanta. Bayan kwana uku idan sun haɗu a bakin rijiya, za ta sake cewa, "Mun gode fa da ranar nan." Wannan ba Kirista kaɗai ke yi ba, gadon Hausawa ne gaba ɗaya. Bishara ta zo ta same shi, ta ƙara masa dalili.

Yanzu fa? Ɗan'uwa ya matse cikinsa ya tura maka kuɗin makarantar yaro, alat ya shigo, ka gani, ka ci gaba da abin da kake yi. In an yi ƙoƙari a tura masa hoton hannaye biyu a haɗe a WhatsApp. Ba wayar nake zargi ba. Ita ce ta sa mai zama a Legas zai iya jin muryar gyatumarsa a ƙauye kowace safiya, abin da iyayenmu ba su samu ba. Amma wayar da ta iya kai kuɗi cikin ƙiftawar ido ta iya kai murya ma. Ranar Lahadi kuma sai wanda aka tura wa kuɗin ya fito gaban jama'a ya ba da shaida cewa Allah ya biya masa kuɗin makaranta ta hanyar mu'ujiza. Gaskiya ya faɗa, Allah ne. Amma Allah ya bi ta aljihun wani, kuma wannan wanin yana zaune a gida bai ji ko sannu ba.

Labarin kutare goma da ke Luka sura ta 17 mun san shi tun makarantar Lahadi. Yesu yana kan hanyar Urushalima, tsakanin Samariya da Galili, sai mutum goma suka tsaya daga nesa suna roƙon jinƙai. Ya ce su je su nuna kansu ga firistoci, suna cikin tafiya suka tsarkaka. Ɗaya ya juyo, Basamariye, yana yabon Allah da murya mai ƙarfi, ya fāɗi a gaban Yesu. Yesu ya tambayi inda taran suke. Na daɗe ina tunanin taran nan, kuma ban ɗauke su miyagu ba. Umarni suke bi, ga kuma mata da 'ya'ya da suka yi shekaru ba su taɓa ba. Ina da tabbacin zuciyarsu cike take da murna, wataƙila har sun yi niyyar dawowa in an natsu. Bambancinsu da Basamariyen guda ne: shi ya juya ƙafarsa. Yesu kuwa, wanda ya san abin da ke cikin zuciyar kowa, bai ce godiyar zuci ta wadatar ba. Ya nemi ganinsu.

Mu a ƙasar Hausa wannan labari ba na nesa ba ne. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Kafin ƙwayar dafson ta zo wajen 1950, magani allurar wani mai ce mai zafi, a yi ta yi shekara da shekaru. Da ƙwayar ta zo sai aka fara sallamar mutane da takardar shaida cewa sun warke. Da yawa a can suka koyi karatu, a can wasu suka ji bishara, kuma ikilisiyoyin Hausawa da dama suna da tushe a wuraren nan ko da jikoki ba sa son a faɗa. Cikin waɗanda aka sallama akwai waɗanda suka koma da ƙafarsu suka zauna suna wanke gyambon wasu, suna raba magani, suna koyar da karatu. A garinmu akwai wani tsoho da ya dawo daga can ba yatsu. Da tsumma yake ɗaura fartanya a hannu ya yi noma, Littafin Waƙoƙi kuma tsakanin dungulmin hannayensa biyu yake riƙe shi. Idan ana addu'a ba ka jin roƙo da yawa a bakinsa. Sunaye yake jerawa: baturiyar da ta yi masa allura, malamin da ya koya masa baƙaƙe, direban da ya ɗauke shi a bayan mota ranar da kowa ya ƙi. Ya roƙa wa kowannensu albarka, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya gode wa Allah dominsu. Mukan ƙosa ya ce amin. Yau da zan sake jin addu'ar nan da na zauna har ƙarshe.

Akwai wani kuturu kuma a Tsohon Alkawari, Na'aman, sarkin yaƙin Suriya. Shi ma ya juyo bayan ya yi wanka sau bakwai a Urdun, ya tsaya gaban Elisha da kyautai, annabin ya ƙi karɓa. Mun yaba masa. Amma wa ya fara nuna masa hanya? Wata 'yar yarinya ce, baiwa, da aka kamo daga ƙasar Isra'ila tana yi wa matarsa hidima. Ita ta ce da uwargijiyarta akwai annabi a Samariya. Littafin bai faɗi sunanta ba, bayan maganar nan kuma bai sake ambatonta ba. Kowannenmu yana da irin yarinyar nan a tarihinsa. Mun iya gode wa manya, waɗanda godiya gare su za ta iya jawo wani alherin gobe. Ƙananan ne muke tsallakewa: ungozomar da ta karɓi haihuwarmu da fitilar ƙwai, yayar da aka cire daga makaranta don mu mu ci gaba, kawun da ya sayar da ragonsa ranar da za mu tafi sakandare, matar fasto da ta ciyar da mu shekara guda ba ta taɓa rubuta bashi ba. Ko a tarihin ikilisiya haka muke yi. Mun haddace sunan Dokta Walter Miller wanda ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, kuma ya cancanta. Amma ba mu cika tunawa da Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa magana ba, ko masu bisharar da suka tafi da iyali a kan jaki zuwa garuruwan da ba su san kowa ba. Wasu daga cikin masu bisharar suna raye har yanzu, sun tsufa, ido ya tafi, suna zaune a ƙauye a ɗakin da ke yoyo, kuma daga cikin yaran da suka koya wa karatu akwai likitoci da manyan ma'aikata.

Bulus bai yi haka ba. Wasiƙarsa zuwa ga Romawa ita ce mafi zurfi cikin wasiƙunsa, amma bai rufe ta ba sai da ya gai da mutum sama da 20 da sunayensu, yana faɗin abin da da yawansu suka yi. Fibi ta taimaki mutane da yawa har da shi. Bilkisu da Akila sun sa ransu cikin haɗari dominsa. Mahaifiyar Rufas ta zama uwa a gare shi. Mukan tsallake sura ta 16 da sauri don sunayen suna da wuyar faɗa, alhali ita ma Maganar Allah ce. Wasiƙar Filibiyawa kuwa daga kurkuku ya rubuta ta, kuma cikin dalilan rubuta ta akwai cewa ya ga saƙon da suka aiko masa ta hannun Abafaroditas. Ban-gajiya ce ta manzo, da ya kasa zuwa da ƙafa saboda sarƙa sai ya aika a rubuce.

Akwai godiya guda da ta fi yi mana nauyi a baki a wannan zamani, saboda abin da ya shiga tsakaninmu da maƙwabtanmu. Ranar 23 ga Yunin 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barkin Ladi a jihar Filato. Mutane suka gudu zuwa Nghar, inda limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe masallaci da gidansa ya ɓoye Kiristoci 262. Ya tsaya a waje yana roƙon maharan, ya ƙi ba su hanya. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin da ya bayar da aka tambaye shi: ya tuna cewa fiye da shekara 40 kafin nan, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Waɗanda suka ba da filin wataƙila sun manta, shi bai manta ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mu da muka ga rikice-rikicen Kano da Kaduna da Jos mun san cewa ba shi kaɗai ba ne. Gidaje nawa ne a cikinmu suke raye yau saboda wani Alhaji ya rufe ƙofarsa a kanmu ya ce ba kowa a ciki? Raunukan da aka yi mana gaskiya ne, ba na rage musu nauyi. Amma idan 'ya'yanmu suka tashi sun san labarin wanda ya ƙone shagonmu ba su san labarin wanda ya ɓoye mu ba, mun ba su rabin tarihi, kuma rabin da ya fi ɗaci.

A cikin gida ma abin ya yi sanyi. Har yanzu muna rufe ido kafin mu sa hannu a tuwo, mun gode Allah da wannan. Amma wadda ta tashi tun asuba ta hura wuta, ta tuƙa, ta kwashe, sau nawa take jin "sannu da aiki, mun gode" daga bakin maigida a gaban yara? Mijin da ya wuni a kan babur cikin rana yana neman na cefane, sau nawa ake tarbarsa da godiya kafin lissafin abin da bai kawo ba? Yaro ba ya koyon godiya daga wa'azi. A bakin uwa da uba yake tsintarta, kamar yadda muka tsinta lokacin da ake sa mu maimaita saƙo kafin a aike mu.

Mun saba jira sai ranar jana'iza. A nan ne ake jin cewa marigayi shi ya biya wa wane kuɗin jarrabawa, marigayiya ita ta raini wance. A buga littafin tarihi mai hoto, a ɗinka anko, a yi jawabi mai daɗi, wanda ake yabo kuwa yana cikin akwati ba ya ji. Kuɗin ankon nan kaɗai da ya sayi maganin da ya rasa a shekarunsa na ƙarshe.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai ka san naka, ke kin san taki, sunan ya riga ya zo muku tun kuna tsakiyar karatun nan. Tsofaffin nan ba za su jira mu ba. Idan mutumin yana raye, kuɗin mota ne kawai tsakaninku. Ku je a wannan watan, ku riƙa wani abu a hannu ko da sabulu ne da sukari, ku tafi da yaranku, ku durƙusa ku faɗa a gabansu abin da ya yi muku. Idan kuma ya riga ya tafi, ya bar mata ko 'ya'ya, su ma suna da ƙofa.